Randa Mai Naso

Birni, Zinder
Laraba, 5 ga Maris

Zuwa ga Yayata Raudatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Yaya Inna da aikin lambu? Ni ma jikina lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Kawu Suma'ila maimakon in kira ki. Waya ta Hajiya Zara ce, mai gidan da nake zaune, kuma a tsakar gida ake amsa ta, kowa yana ji. Abin da zan faɗa miki ba na tsakar gida ba ne. Gobe Alhamis, idan ya sauke kayan miyarsa a kasuwar Dole, zan biya in ba shi kafin in wuce makarantarmu ta lise.

Yaya, ina jin na jawo wa kaina magana. Kuma a ajin Faransanci na jawo ta, inda ba na buɗe baki sai an kira sunana.

Mako biyu ke nan malaminmu Mushe Mahamud yana koya mana wani abu da ake kira alegori. Ba ku kai nan ba kika bar kolej, bari in faɗa miki yadda na gane shi. Labari ne mai ciki biyu. A sama ana ba da labarin wani abu, a ƙasa wani abu dabam ake nufi. Ya ce idan ka kira mutum zaki sau ɗaya ka wuce, siffanta shi kawai ka yi. Amma idan ka riƙe siffar kana ja, ka ba zakin daji, ka ba shi yunwa, ka ba shi tsufa, ba ka sake ta ba har ƙarshen shafi, to ka kaɗa ta ke nan, kamar yadda tsofaffi suke kaɗa auduga, a yi ta ja zare bai tsinke ba. Ya kuma nuna mana yadda ake kama irin wannan labari. A ja layi a tsakiyar allo. Hagu a rubuta abin da labari ya faɗa, dama a rubuta abin da yake nufi. Idan kowane abu na hagu ya sami abokin zama a dama, an kama shi.

Lidiya, wadda muke benci ɗaya da ita, ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, ai habaici ke nan. Kakata ta fi ku iyawa, kuma ba ta taɓa shiga aji ba.” Aka yi ta dariya, har shi. Ya ce ƴan uwa ne amma ba uwarsu ɗaya ba, domin habaici mutum guda yake harbi, shi kuwa alegori ba lalle ne ya harbi kowa ba. Babu wanda ya riƙe wannan bayani. Tun ranar, awar Faransanci ta koma awar habaici a bakin kowa.

Sai ya ba mu aikin gida. Kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan wani abu da yake gani kullum, ya kaɗa siffar har ƙarshe, kada ya faɗi abin da yake nufi.

Ni randar Inna na rubuta, wadda ke gindin bishiyar bedi. Na ce tsohuwar randa ce a kusurwar tsakar gida, ba ta zuwa ko'ina, an rufe bakinta da faifai. Duk wanda ya shigo da ƙishi wurinta yake nufa, ya sha ya tafi bai waiwaye ta ba. Kullum gindinta a jiƙe, ruwan da aka zuba mata da safe ba ya kai yamma a cike. Kowace safiya akwai mai tashi kafin kowa, ta share jiƙar da ke ƙarƙashinta, ta zuba sabon rairayi don kada baƙo ya gani. Wata rana aka sayo sabuwar roba mai murfi, ba ta zubar da ko ɗigo, amma ruwanta kamar na wanka, dole aka koma wa randa. Na ƙare da cewa abin da randar take rasawa shi ne yake sanyaya abin da take bayarwa. Inna nake nufi, Yaya. Allah ya sani, ina rubutawa ina ganinta tana dawowa daga lambu.

Ga inda na yi kuskure. Ban san yadda ake cewa naso da Faransanci ba. Na duba ƙamus ɗin laburare ban samu ba, kuma na ji kunyar tambaya. Sai na sa kalmar da ake faɗa wa bokiti idan ya huje.

Shekaranjiya Litinin Mushe ya zaɓi uku ya karanta ba tare da suna ba, nawa ne na biyu. Yana kaiwa kan kalmar nan Lidiya ta fassara da ƙarfi, ta ce randa mai yoyo. Mu sittin da huɗu ne a ajin, kin san yadda dariya take. Bayan an yi shiru aka shiga neman ma'ana. Wani ya ce Damagaram ce, da ba ta riƙe ruwa ko an zuba mata. Wata ta ce malami ne. Lidiya ta ce uwa ce, Mushe ya ce ta kawo hujja, ta kawo, ya yarda. Ni kaina yana ƙasa, amma cikina daɗi yake ji. Sai na ɗaga ido na ga Nafisa, ƴar Hajiya, daga bencin gaba ta juyo tana kallona. Ba ta yi dariya ba tun farko. Ta san nawa ne, a ɗakinmu na rubuta shi.

Mushe ya mayar mana da takardunmu mu gyara, mu kawo nan da mako biyu. A hanyar gida, muna shiga lungunmu, Nafisa ta zare tawa daga cikin kaye, littafin rubutuna. Ta ce ita ma ta ja layinta, kuma kowane abu ya sami abokin zama. Ban gane ba sai da muka shiga gida na ga Hajiya zaune a kusurwarta kamar kullum.

Akwai abin da ban faɗa miki ba game da gidan nan, kuma ban san ko ya halatta in faɗa ba. Ki dai tuna abin da Baba ya ce ranar da ya kawo ni: ranar da ƙara ta fito daga gidan Hajiya, ranar zan ɗaure kayana in koma Guna. Ba ni da wani gida a Zinder. Ke kika yi wata uku kina roƙonsa kafin ya yarda in zo.

Don Allah kada ki faɗa masa komai tukuna. Ki gaida Inna, ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Sakina


Birni, Zinder
Laraba, 12 ga Maris

Yayata Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida babba da yaro. Na ji daɗi da ƙafar Baba ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso ranar Lahadi ta hannun maƙwabciyarku da ta zo asibiti, tare da ƙullin zogale. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Kin ce in daina tsorata kaina, wai ƴan birni ba su da aiki sai neman magana a cikin randa. Kin ce in je in gaya wa Hajiya da bakina, ta yi dariya a wuce wurin. Da haka abin yake da na yi tun ranar. Dole in faɗa miki abin da na ɓoye. Idan kin karanta ki sa takardar nan a murhu.

Hajiya tana da larura tun haihuwarta ta ƙarshe, wadda ɗan bai zo da rai ba. Fitsari ba ya tsaya mata. An taɓa yi mata aiki, ya ragu amma bai ɗauke ba. Shi ya sa ba ta zuwa biki ko suna, sai ta aika. Mutanen unguwa suna cewa tun rasuwar mijinta Alhaji ta zama mai tsare kai, suna yabonta. Turaren wutan da take haɗawa tana sayarwa, wanda amare suke layi a kansa, shi ne kuma yake ci a kaskonta tun safe har yamma, kowa yana zaton talla ce. Daga ita sai Nafisa sai ni muka sani. Ni ma wata na biyu da zuwana ta kira ni ɗaki, ta nuna mini kwandon tsummokaranta, ta ce ta lura ba ni da surutu. Tun ranar ni nake wankewa da sassafe, in shanya a bayan ɗaki, in goge inda take zama kafin masu sayen turare su fara sallama. Ba ta taɓa ce mini kada in faɗa ba. Ba ta ga bukatar faɗa ba.

Yanzu ki koma ki karanta abin da na rubuta miki game da randa, ki sa yoyo a inda nake nufin naso.

Nafisa ta nuna mini takardarta ranar Juma'a. Ta ja layi da jan biki, wato biro, kamar yadda Mushe ya koya mana, kuma rubutunta ya fi nawa kyau. Randa a kusurwa, ba ta zuwa ko'ina: Hajiya. An rufe bakinta da faifai: asirin da ake ɓoyewa. Masu shigowa su sha su tafi: masu sayen turare. Gindi a jiƙe: ba ta rubuta komai a dama ba, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Sabuwar roba mai murfi, wai ni ce, lafiyayya ƴar ƙauye da aka kawo gida. Na rantse mata Inna nake nufi. Ta ce, “To Innarku ma yoyo take yi?” Na nuna mata inda Mushe ya ja wa kalmar layi ya rubuta ta daidai a gefe, na ce kin gani, kuskure ne. Ta ce kowace mai habaici idan an kama ta cewa take yi baki ne ya suɓuce.

Ta ce ta zauna a aji tana jin mutum sittin suna yi wa uwarta dariya ba su sani ba, kuma wadda take cin tuwon uwar ce ta kawo musu abin dariyar. Tana faɗa tana kuka, Yaya. Da masifa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba ta faɗa wa Hajiya ba tukuna. Akwai turaren wata amarya da za a zo ɗauka ranar Asabar ta makon gobe, aikin ya yi yawa, ta ce ba za ta ɓata wa uwarta rai ana tsakiyar aiki ba. Idan an ɗauka za ta karanta mata, ta fassara mata layi layi. Takardata tana cikin jakarta, jakar tana ƙarƙashin matashinta.

Ni kuwa kullum ina daka sandal da hawi na haɗin turare a gefen Hajiya, tana ba ni labari, tana ce mini ƴar Guna mai hannun albarka. Jiya ta ce in miƙo mata ruwa daga randa, kofin ya faɗi daga hannuna. Ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Na ce a'a. A aji idan Mushe ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiyar allo sai in ji kamar a bayana yake ja.

Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne darasin jiya. Wani ya tambaya, idan mai rubutu ya ce ba abin da yake nufi ke nan ba, wa ke da gaskiya? Mushe ya ce rubutu idan ya bar hannun mai shi kamar ɗiya ce da ta tafi gidan wani, ba kullum za a bi ta ana faɗin abin da take nufi ba. Ya ce mai karatu da ya kawo hujja daga cikin shafi, layi bayan layi, yana da haƙƙin karatunsa. Kowa ya rubuta wannan a kaye. Nafisa ta rubuta, ta juyo ta dube ni.

Ki yi mini addu'a. Ki faɗa mini abin da zan yi, amma kada ki kira wayar Hajiya.

Taki,
Sakina


Zinder
Laraba, 19 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a laburare nake, an kusa kaɗa ƙararrawa.

Na sami amsarki. Na gode da kika ƙone waccan. Na bi shawararki na je wurin Mushe Mahamud bayan an tashi, don ya rubuta wa Hajiya cewa kuskuren kalma ne. Na tsaya a gaban teburinsa. Ya ce ina takardata, tawa kaɗai ce ba a dawo da ita ba, kuma ita ya fi son gani. Na ce tana wurin wata. Ya ce akwai matsala ne? Sai na ga ba yadda zan yi in ce ya wanke ni ba tare da na faɗa masa daga me zai wanke ni ba. Idan na faɗa, abin da Nafisa take zargina da shi na aikata ke nan da gaske. Na ce babu komai, Mushe. Ya dube ni ya daɗe, ya ce shi ya sa yake son ɗalibai su riƙa tambaya, kalma ɗaya tana iya juya shafi duka. Bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba.

Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Wasan da kika yi ne a ƙarshen takardarki. Kin ce, wai wa yake share ƙarƙashin randar Inna yana zuba sabon rairayi? Kin ce ai jiƙar nan kaji ne suke sha, kuma na'ana'ar Inna a nan take tsirowa, ba mai ɓoye ta ga baƙo.

Gaskiyarki ne. Na karanta sau uku ina neman yadda zan musa. Ba a taɓa share gindin randarmu ba. Mai tashi kafin kowa ta share, don kada baƙo ya gani, ba a Guna na gan ta ba. Ni ce, a gidan nan, kowace safiya. Ban san lokacin da ta shiga cikin shafin ba. Ina rubutu ina ganin Inna, hannuna kuma ya ɗauko abin da ya saba yi ya sa. Duk rantsuwar da na yi wa Nafisa, akwai layi ɗaya da ba ta rufe ba.

Yanzu ban san me zan ce ranar Asabar ba. Idan na ce duka Inna ce, na yi ƙarya ga matar da ta ba ni amanar da ba ta ba ƴan uwanta ba. Idan na faɗi gaskiya, da bakina na ɗaure kayana. Na riga na wanke tufafina na jera a akwati, littattafan laburare na mayar yau, don kada a neme su ba na nan. Saura wata uku a gama shekara, Yaya, kuma ni ce ta huɗu a aji.

Idan kin ga Kawu ya dawo da ni mako mai zuwa, ki riga ni zuwa wurin Baba. Ba don ki kare ni ba. Don dai kada ya tambayi dalili a gaban mutane, domin ba zan faɗa ba.

Ki gaida Inna. Kada ki nuna mata damuwa.

Sakina


Birni, Zinder
Laraba, 26 ga Maris

Zuwa ga Yayata Raudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk wanda ya kwana a gidanku da gidanmu. Ina fata Baba ya fara taka ƙafar sosai. Na san tun Asabar kina duban hanya. Takarda ce ta zo, ba ni ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi, tun daga farko.

An zo an ɗauki turaren amarya da hantsi. Bayan azahar gida ya yi shiru, Hajiya tana kusurwarta tana kankare kasko. Nafisa ta fito da takardar, ta ce Hajiya akwai abin da Sakina ta rubuta a lise, ya kamata ki ji. Ni ina bakin murhu. Hajiya ta dubi fuskar Nafisa, ta dubi tawa, ta ajiye kaskon. Ta ce tunda mai rubutun tana da rai, ita za ta karanta abinta. Ta ce in matso, in mayar mata da shi Hausa, kada in tsallake komai, Nafisa tana bi da ido.

Na durƙusa na karanta. Da na kai kan kalmar nan na ce naso. Nafisa ta ce ba haka aka rubuta ba, yoyo aka rubuta. Na ce haka ne, yoyo na rubuta, naso nake nufi, ban san kalmar ba. Hajiya ta yi mini alama da hannu in ci gaba. Na kai ƙarshe.

Hajiya ta fara tambayar Nafisa. Mutum nawa ne a ajin? Ta ce sittin da huɗu. A cikinsu wa ya ambaci sunanta? Babu. Me suka ce randar take nufi? Nafisa ta faɗa, har da mai cewa Damagaram ce. Hajiya ta ɗan yi murmushi a nan. Ta ce ita a Birni aka haife ta, a cikin matan da idan suka yi maka habaici sai ka kwana uku kafin ka ji zafin, kuma ta san habaici kamar kunama yake, a wutsiya yake ɗauke da harbi. Ta ce ta saurari wutsiyar wannan, ba ta ji harbi ba, ruwan sanyi ta ji. Sannan ta ce wa Nafisa, a hankali, “Mutum sittin sun ji yoyo sun ga randa. Ke kaɗai kika ji yoyo kika ga uwarki.” Nafisa ta sunkuyar da kai. Na ji tausayinta har cikin raina, domin ba don ƙeta ta yi ba, tsoro ne irin nawa, shekara da shekaru tana ɗauke da shi.

A nan da na yi shiru da an wuce wurin. Amma Hajiya ta juyo ta ce, ke kuma ƴar Guna, randar nan wace ce? Na ce Inna ce. Ta ce duka? Yaya, ban san ko ta gane ne ko tambaya ce kawai ba. Na ce ban da layi ɗaya. Na sa yatsa a kansa na sake karanta mata, na mai tashi kafin kowa ta share. Na ce wannan ba a gidanmu na gani ba, a nan na gani, kuma wallahi ban san na sa shi ba sai da yayata ta nuna mini. Na kuma faɗa mata cewa na gaya miki larurarta a takarda, kin ƙone. Na ce akwatina a ɗaure yake.

Fuskarta ta canza da na ambace ki, ba zan ɓoye miki ba. Ta tambaya ko kina da surutu. Na ce ko maigidanki ba zai ji ba. Ta ce to mun zama huɗu, kuma kada a zama biyar.

Sai ta ce Nafisa ta miƙo mata almakashin da take yanka ƙyallen turare. Ta karɓi takardar ta ce in nuna mata farkon layin da ƙarshensa, tunda ita ba ta karanta boko. Na nuna. Ta yanke shi a hankali, siriri kamar zare, ba ta taɓa na sama ko na ƙasa ba. Ta naɗe shi ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce, “Wannan nawa ne, kin ɗauka ba ki tambaye ni ba, na karɓi abina. Sauran na uwarki ne, ki aika mata.” Sannan ta ce in je in kwance akwatin nan, warin kanwa yake sa wa tufafi idan sun daɗe a rufe, kuma akwai wanke-wanke yana jirana.

Na shiga ɗaki na yi kukan da na riƙe mako uku.

Ba zan ce miki komai ya koma daidai ba. Nafisa ba ta yi mini magana ba sai jiya, shi ma aron magogi ne. Hajiya ba ta kira ni mai hannun albarka ba tun ranar, Sakina kawai take cewa. Ban sani ba ko zai dawo. Na sake kwafe shafin na kai wa Mushe ranar Litinin, da kalmar da ta dace, ba tare da layin ba. Ya karanta a tsaye, ya ce ina jimlar mai sharewa, ita ce ta fi kowace rai a shafin. Na ce ba tawa ba ce, Mushe, aro na yi, mai ita ta karɓa. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ya dube ni, ya fasa.

Ga ainihin takardar nan a cikin wannan. Ki je wurin Inna da yamma idan ta dawo daga lambu, ki mayar mata da ita Hausa kamar yadda na rubuta miki a takardata ta farko. Ki ce naso. Kada ki faɗa mata wa ake nufi, ina so in ji ko za ta gane da kanta. Idan kin kai inda aka yanke, ki tsallake. Idan ta ga ramin ta tambaya, ki ce mata wata ce ta ɗebi rabonta, kuma ta cancanta.

Ki gaida Baba, ki ce masa ina nan ina karatu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sakina